Rubutun da Na Dafa

Shekarar da 'yata ta kamu da kansar jini, likita ya ce maganin ya kashe mata sojojin jiki. Ƙwayar cutar da ni zan sha a ruwa in yi gyatsa, ita sai ta kai ta kabari. Komai za ta sha, a tafasa.

Sai ga wan mijina, malami ne a unguwar Maamobi, ya kawo mata rubutu a kwalba. Na tambaye shi da wane ruwa aka wanke allon. Ya ce na galan, wanda kowa ke saya a nan unguwarmu ta Nima.

Na juye a tukunya, na ɗora a kan gawayi.

Ya ce, "Hajiya, ayar Allah za ki dafa kamar koko?"

Na ce, "Malam, wuta ba ta iya wa aya komai. Abokan tafiyarta nake dafawa."

Ya tafi ko sallama babu. Yarinya ta sha da ɗumi, zazzaɓi bai zo ba.

Ran Juma'a ya dawo da rubutu a fulas, wai matarsa ta tafasa. Na yi masa godiya, na sake dafawa. Na san matarsa.