Inna Asibiti da Ramin Kashin Shanu

A layin ƙarshe na gari, inda wayar lantarki ba ta kai ba, akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna Asibiti. Ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Shara da goge-goge ta yi a ɗakin masu haihuwa tun da ƙuruciyarta har furfura ta fito mata. A can ta koyo abin da ta riƙe gam: duk abin da ido ba ya gani, in dai sunansa ƙwaya, abokin gaba ne. Da ta ajiye aiki ta dawo gida da bokitin ƙarfe, da hannayen da bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya cinye wa zanen yatsu, da wannan aƙida.

Gidan na mijinta ne, Allah ya jiƙansa. Ɗakuna biyu da rumfa, madafi a kusurwa, turken shanu a baya, sai ɗan lambun da take shuka alayyafo da tumatir da albasa. A ɗakin bakin ƙofa ƙanin marigayin yake zaune, wanda yara ke kira Baba Ƙarami. Shi ke kiwon shanun. Mutum ne mai sanyin hali da yawan dariya, amma yana iya fitowa daga turke ya goge hannu a riga ya zauna cin abinci. Tun tana amarya suke faɗa a kan wannan, ba wanda ya canja.

"Ka wanke hannu?"

"Jiya ma na wanke, matar yaya."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, mu duka."

Tari ne ya fara kawo magana. Shekaru tana girki da itace a madafin da tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba, har rufin ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Tarin ya zauna mata a ƙirji, in ta ɗauko ruwa sai ta tsaya ta dafa bango. Likita ya ce ta rabu da hayaƙi, ba ragewa ba, rabuwa. Babban ɗanta, akawu ne a birni, ya ce ai magana ta ƙare, ta tattara ta koma wurinsa, akwai ɗaki a benen da yake haya. Ta ce masa ba inda za ta. A wannan tsakar gida ta yaye su duka, a ɗakin can aka yi wa ubansu wanka, kuma wa zai ba albasarta ruwa?

Suka ja, suka ja, har ya zo da wata dabara. Ya kawo wani magini da ke haƙa ramin samar da gas ɗin girki daga kashi a gidajen masu shanu. Sharaɗin ɗan guda ne, ya faɗe shi a gaban Baba Ƙarami don a sami shaida: muddin wutar gas na ci, ta zauna a gidanta. Ranar da ta koma itace, ranar za ta shiga mota.

Aka haƙa rami bayan turke, aka gina shi da bulo, aka rufe samansa ya yi kamar ƙwaryar da aka kife. A gefe ɗaya magini ya yi kwami na siminti inda ake dama kashin shanu da ruwa, a zare toshiya ya gangara ta bututu zuwa cikin ramin. A ɗaya gefen akwai mafita, inda abin da ya gama ruɓewa ke tumbatsowa. Daga tsakiyar rufin tiyo ya tashi, ya bi bango har madafi. Duk bayanin abin da ake zubawa da wanda ba a zubawa, a bakin ramin aka yi shi, tsakanin magini da ɗan da Baba Ƙarami. Ita tana ciki tana dafa musu shinkafa. Da aka zo kanta, makunni kawai aka nuna mata: ki murɗa nan, ki ƙyasta ashana, in kin gama ki mayar.

Da farko ta yi ɗari-ɗari. Sai da ta aika aka tambayo mata limamin unguwa ko abincin da aka dafa da iskar kashi ya halatta. Ya ce wuta wuta ce, ta ci abinta. Ranar da ta fara kunnawa ta tsaya tana kallon harshen wutar, shuɗi, ba hayaƙi, ba toka. Ta sauke tukunya ta juya gindinta, ta shafa da yatsa, ta duba yatsan. Tas. Da yamma ta ƙara wa Baba Ƙarami nama a kwanonsa.

Ruwan takin da ke fita ta mafita ma ya ba ta mamaki. Ba ya wari sosai, ƙuda ba ya damuwa da shi. Tana surka shi da ruwa ta zuba a gindin shuka, alayyafo ya yi ganye kamar kunnen tinkiya, tumatir ya fi ƙarfin sandunan da ta kafa masa. Tarin ya lafa. Ta koma tsayuwar sallah ba tare da neman kujera ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: kwamin. Kullum da safe Baba Ƙarami zai dama, ya zare toshiya, ya jingine sandar damawa, ya kama gabansa. Abin da ya manne a gefe ya bushe, gobe wani ya hau kansa. Daga ƙofar madafi tana hango shi. Ta yi magana, ya ce to. Ta sake, ya ce in sha Allahu. Ran nan da ya kora shanu kiwo, ta ɗauko bokitinta na ƙarfe, ta zuba bilic yadda ake zuba wa ɗakin haihuwa bayan an sha wahala, ta ƙara garin sabulu, ta dirje kwamin da buroshi har simintin ya fito fari. Ta zare toshiya, ruwan ya bi bututu ya tafi. Ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba. Washegari ta maimaita, ta haɗa da bokitan kwasar kashi da daɓen turken, duk ta kora ta hanya guda. Ya zama aikinta na hantsi.

Baba Ƙarami ya ga kwami yana ƙyalli, ya ce, "Matar yaya, a nan za mu riƙa cin abinci ke nan?" Hancinsa ya daɗe da daina aiki, bai ji warin komai ba.

Wutar ba ta mutu rana ɗaya ba. Ta fara gajarta, ruwan shayi ya riƙa daɗewa bai tafasa ba. Sai ta riƙa yin fat ta ɗauke ana tsakiyar girki. Inna ta zargi risho, ta kwance shi ta wanke. Ta zargi Baba Ƙarami da rowar kashi, ya ƙara bokiti. Daga baya ko ashana nawa ta ƙyasta, iska ce kawai ke fita mai tsami. Ta zauna a kan kujerar tsugune tana duban tukunyar wake da ba ta dahu ba. Sannan ta tashi ta je bayan ɗaki, inda ragowar itacen bara yake.

Da ɗan ya zo ƙarshen wata, bai tambayi kowa ba. Tun daga ƙofa ya ji hayaƙi a labule, ya kuma ji tarin. Ya gaishe ta, ya zauna, ya kira magini a waya.

Magini ya zagaya ramin, ya shafa wa mahaɗar tiyo kumfa ya ga ba ta yoyo. Ya tsoma sanda a mafita ya sunsuna, ya yamutsa fuska. Da ya iso kwamin sai ya tsaya.

"Wa ke wanke wannan?"

"Ni ce," in ji Inna.

"Da me, Inna?"

Ta faɗa masa. Ba ta rage ba, har da murfi nawa na bilic take zubawa.

Ya cire hula ya sosa kai. "Inna, ramin nan ciki ne, kamar cikin saniya. Akwai ƙwayoyi a ciki, su ke cin kashin su ba da gas. Kin kashe su."

"Ƙwayoyi? A gidana?"

"Ba na cuta ba ne. Ma'aikatanki ne."

"Wa ya gaya mini?"

Magini ya dubi ɗan, ɗan ya dubi Baba Ƙarami, Baba Ƙarami ya dubi shanu.

Gyaran ba na rana ɗaya ba ne. Sai an kwashe mafi yawan abin da ke ciki, a samo ruwan rami mai rai daga wani gida a zuba kamar yadda ake sa wa madara tsami, a cika da sabon kashi, a jira makonni. Ko bayan haka, magini ya ce, wani ramin yana tashi, wani sai an sake.

Ɗan ya ce, "Inna, mun yi magana da ke."

"Mun yi."

"Ki haɗa kaya. In ya tashi kafin damina, ni da kaina zan maido ki. In bai tashi ba, zan nemi mai sayen shanun, Baba Ƙarami ma ya huta."

Ba ta yi gardama ba, don alkawari ne kuma an yi shi gaban shaida. Ta naɗe darduma da tufafi kaɗan. Ta san in shanu suka fita daga gidan, ramin ya zama kabarin siminti, ita kuma ta zama baƙuwar bene har ƙarshen kwananta.

Surukarta mutuniyar kirki ce. Ta ba ta ɗaki mai taga, ta hana ta taɓa ko cokali. Inna ta goge tagar duk da haka, ciki da waje iyakar inda hannu ya kai. Daga nan sai zama. Ƙasa can motoci, sama kwanon rufin maƙwabta. Ba ta san sunan kowa a benen ba, in ta yi sallama a matakala wasu su amsa, wasu waya na kunnensu. Tarin ya tafi kusan duka, kuma ɗan yana yawan faɗin haka a gabanta. Ta ji shi sau ɗaya a waya yana tambayar wani farashin saniya mai ciki. Ta ci gaba da jan carbinta.

Kullum bayan azahar takan kira Baba Ƙarami.

"Ka ba ramin abincinsa?"

"Na ba shi, matar yaya. Ya ci ya ƙoshi, yana gaishe ki."

"Ban da wasa. Ruwan da ka dama da shi fa?"

"Na rijiya."

"Bokitin ba wanda aka yi wanki a ciki ba ne?"

"Ni da wanki? Kin manta da wa kike magana."

"Kwamin kuma, kada ka wanke."

"Sake faɗi, layin ba kyau."

"Ka ji ni sarai."

"Wallahi so nake in ƙara ji. Tun kina amarya nake jiran wannan rana."

Ta kashe wayar.

Shi ya yi aikin duka, da taimakon magini. Ya kwashe mataccen ruwan ya kai bayan katanga, ya tura baro zuwa gidan wani mai kaji da ke da irin ramin, ya roƙo mai rai a jarkoki. Gas ɗin farko da ya taru bai kama wuta ba, magini ya ce a sake shi ya tafi, haka yake yi. Na biyu ma haka. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa. Inna ta daina tambayar wuta, sai ta tambayi albasa.

Wata safiya Baba Ƙarami ne ya kira. Bai yi sallama ba, ta ji wani huci siriri a wayar, sannan ƙarar murfin buta yana rawa.

"Mene ne wannan?"

"Shayina ne. A madafinki nake dafawa, da takalmina a ƙafa."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta ce, "Fitar mini daga madafi."

Ɗan bai yarda da waya ba. Ya kai ta da kansa, ya kunna rishon, ya zauna a gabansa har tukunyar ruwa ta tafasa, ya kashe, ya sake kunnawa. Bai yi murna ba, bai kuma saɓa alkawari ba. Da zai tafi ya kwashe ragowar itacen ya ba maƙwabta, ya saka jarkar bilic a bayan mota. Tana tsaye tana gani. Ta yi masa addu'ar hanya kamar kullum.

Tana nan a gidan har yau. Tarin yana leƙowa lokacin sanyi ya koma. Kwamin ya yi ɓawo kashi-kashi, ta sa an kafa tabarmar kara tsakaninsa da ƙofar madafi don kada ido ya riƙa kai mata. Ruwan wanke-wanke kuwa can gaban gida take kai shi, nesa da bututu, ko da ƙafa na ciwo.

Bara magini ya haƙa wa wani mai gyaran keke irin ramin a layin gabansu. Maza suna bakin rami ana bayani, Inna ta yafa mayafi ta wuce su ta shiga wurin matar gidan, ta same ta tana tankaɗe. Ta zauna ta gaya mata komai, abin da ake zubawa da wanda ba a zubawa.

Matar ta ce, "To da me zan wanke kwamin, Inna?"

"Ruwa zalla. In kin bar shi haka ma, ramin ya fi so."

"Ke ce da bakinki?"

"Ni ce."

Matar ta yi dariya, ta ɗebo mata ruwa a kofi. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta dubi bakin kofin, ta dubi gindinsa. Ta ce an gode, Allah ya yi albarka, ba ta jin ƙishi yanzu.