Gawayin Ƙirya da Wutar da Ba a Gani

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar kakana, Malam Jibo Maƙeri na Ɗanzomo, Allah Ya jiƙansa. Kowace shekara sadaka nake yi in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da ya shiga tsakanina da ƙanena Haruna a kan itatuwan ƙirya biyu da suka rage a gonar gidanmu. Shi yana so a sare su a ƙona gawayin ƙira. Ni ne babba, maganata aka tsaya jira. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, hannuna bai gama faɗawa ba, amma zan faɗi abin yadda yake.

Kaka ya tashi a lokacin da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba. Ya riski narka tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa. Ya ce a lokacin samartakarsa sukan shiga dajin da ke wajen Gagarawa su yi kwanaki suna sara suna ƙonawa, su dawo da jakuna cike da gawayi, duk don murhu ɗaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, guntayen ƙarfen Turawa suka fara zuwa kasuwa, sai narka tama ta mutu a kan idonsa. Na taɓa tambayarsa ko ya yi baƙin ciki. Ya ce, "Baƙin cikin me, malalaci? Bayana ya huta." Haka yake kirana, malalaci, don ina gyangyaɗi a kan zuga-zugi.

Abin da bai taɓa sakewa ba shi ne gawayi. In aka kawo masa, sai ya ɗauki gaɓa biyu ya gwara su kusa da kunnensa, ya jinjina a tafin hannu. In ya ji ƙara kamar ta ƙarfe, kuma da nauyi, sai ya ce a sauke. In ya ji fuyau, sai ya ce wa mai kayan, "Kai wa masu ƙosai." A wurinsa ƙarfin wuta yana cikin nauyi, kuma duk itacen daji babu mai nauyin ƙirya. Da wannan na tashi, ban taɓa jin wanda ya musa ba.

Sai 'yata Rakiya, wadda ke karatun koyarwa a Gumel, ta zo hutu ta same ni ina fama da gawayin darbejiya, wanda yanzu shi ne ake samu. Ana zuga shi yana tartsatsi, kafin ƙarfe ya yi ja ya zama toka. Ta zauna a bakin rumfar maƙera ta ce, "Baba, ka san akwai makamashin da ya fi komai rashin nauyi a duniya, kuma ya fi fetur ƙarfi?"

Na ce, "Ke dai a makarantar nan har da tatsuniya ake koya muku."

Ta yi dariya ta ce sunansa haidirojin, iska ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, ta fi iskar da muke shaƙa sauƙi nesa ba kusa ba, in ta kuɓuce sama take yi. In aka auna ta a sikeli da fetur, nauyi ɗaya, zafin da za ta bayar ya kusa ninka na fetur sau uku. In ta ci wuta ba toka, ba baƙin hayaƙi, tururin ruwa take bari. Harshen wutar ma da rana da ƙyar ido ke ganinsa.

Tun ranar Kaka ya ƙi barin zuciyata. Ina aiki ina gardama da shi. Ga abu marar nauyi ya fi mai nauyi wuta, me za ka ce, tsoho? Na san ba zai yi saurin yarda ba. Mutumin da ke karanta wuta da ido, ya san jan da ake lanƙwasa ƙarfe da farin da ake haɗa shi, a ce masa ga wutar da ba a gani? Zai ce ta aljanu ce, a kai musu. Amma na san kuma tambayar da zai yi bayan ya gama tsiya, domin ita yake yi wa kowane kaya: jaki nawa za su ɗauko ta?

Na yi wa Rakiya tambayar a madadinsa. Ta ce ai nan wahalar take. Da yake ba ta da nauyi, wuri take ci. Buhu guda na wannan iska, in buhu zai riƙe ta, ko ruwan shayi ba zai tafasa yadda ya kamata ba. Sai an danne ta da ƙarfi a tukunyar ƙarfe mai kauri, ko a sanyaya ta sanyin da ba mu san irinsa ba har ta zama ruwa. Tana zurarewa ta kafar da ido ba ya gani. Wani ƙarfen ma shiga jikinsa take yi a hankali ta sa shi gautsi. Kuma ba a cika samunta ita kaɗai ba, sai an raba ta da ruwa ko da gas, aikin da shi ma wuta yake ci.

Na ce, "To, yaushe za ta iso Ɗanzomo?"

Ta ce, "Baba, wallahi ban sani ba."

Haruna yana gefe yana wasa lauje, duk ya ji. Ya ce, "Yaya, ka ji ko? Iska ce. Damina ta ƙarato, mutane sun kawo garemani, gawayin nan ba ya haɗa ƙarfe. Jiya wani mutumin garin Sule Tankarkar ya dawo da garmar da muka yi masa, ta rabu a gona. Ni ban iya jin kunya irin wannan ba. Mu da itace a gona, muna aikin banza?"

Na ce masa itatuwan nan su kaɗai suka rage a duk yankin. Matanmu na yin daddawa da 'ya'yansu, awaki na cin kwanson, masu noma na shan inuwa. In mun sare, gawayin zai kai mu lokacin kaka, wataƙila ya ɗan wuce. Daga nan fa?

Ya ce, "Da Kaka na nan da tuni an sauke su."

Abin da ya hana ni sukuni shi ne gaskiya ya faɗa. Ina so in rubuta cewa Kaka ya bar itatuwan nan don tausayin na baya, amma ba haka aka yi ba. Da bakinsa ya gaya mini sun yi ƙanana ne a lokacin, ba su kai a ɓata gatari ba. Shi da sa'o'insa suka cinye dajin nan, itace bayan itace, ba su taɓa zaton zai ƙare ba. Ba na zarginsa. Da gawayin nan ya yi garemanin da suka ciyar da garuruwa, ya aurar da 'ya'yansa, har muka samu sana'ar da muke ci. Sai dai kuma shi ne mutumin da ya saki narka tama ba waiwaye da ya ga abin da ya fi ta. Wane Kakan zan bi, mai gatari ko mai sakin abin da lokacinsa ya wuce? Shi ya ga sabon ƙarfe a kasuwa kafin ya saki tsohon. Ni labarin sabuwar wuta kawai na ji a bakin 'yata.

Na yi ta juya maganar har Haruna ya gaji da jira. Ranar da ya tsare ni a ƙofar gida, na ce masa ba za a sare ba. Na ce aikin da gawayinmu ba zai iya ba, mu gaya wa masu shi gaskiya su kai wa masu walda.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shi ke nan, Yaya. Kai ne babba." Bayan sallar Juma'a ya ɗaure masabarsa ta dukan ƙarfe da awartakinsa a bayan babur, ya tafi Maigatari wurin wani abokinsa mai walda. Yana aiko da gaisuwa, iyalinsa ma suna nan tare da mu, amma gefensa na rumfar babu kowa.

Ina ta tunanin me ya rage na Kaka bayan shekara arba'in. Dajin babu. Murhun tama ko gurbinsa ba a ganewa. Maƙerar tana nan, ni ke zaune a cikinta, ina lallaɓa fartanya da lauje a wutar darbejiya, ina haƙuri da ita. Kaka bai taɓa haƙuri da mugun gawayi ba, ko na yini ɗaya. Wannan halin bai mutu ba, amma ba a wurina yake ba. Ni na riƙe itatuwa da rumfa. Wanda ya gaji Malam Jibo yana Maigatari, kuma ni na kore shi.