Bashari, Mai Gashin Balangu a Cikin Ƙanƙara

Da an sallame sallar asuba a unguwarsu ta Manfuha da ke birnin Riyad, Malam Bashari yakan kama hanyar unguwar Batha. A can yake aiki, a wani ɗan ofishin sayar da tikitin jirgi da ke maƙale tsakanin shagon wayoyi da wurin aika kuɗi gida. Shi ke buɗe ƙofa, ya ɗora shayi, ya zauna gaban kwamfuta. Yini guda yana fama da mai neman kujerar Kano, da wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, da wanda kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa, ya ƙi sa hannu. Ya shafe shekaru a haka, ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba.

Akwai wata ƙungiya ta 'yan Nijeriya mazauna Riyad, likitoci da nas-nas da injiniyoyi, waɗanda son abinci ya haɗa su. Duk Juma'a sai sun hallara gidan ɗayansu a unguwar Badi'a, yau kabsa, dafa-dukan Larabawa, wani makon tuwon shinkafa da miyar taushe. Wata rana shugabarsu, Dokta Jamilat, ta shigo ofishin ta ce suna so su kai iyalansu inda dusar ƙanƙara ke zuba, a yi wasan zamiya a kan duwatsu, amma da sharaɗin kada a je inda za a ci wahalar abinci.

Bashari bai taɓa taka ƙanƙara ba, amma ya karɓi aikin. Ya zaɓi wani masauki a kan duwatsun ƙasar Jojiya, ya duba takardun kowa, ya samo wa mata malamar zamiya mace, ya nemo mahauci Musulmi a garin da ke gindin dutsen. Mai dafa abincin masaukin kuwa ya sha tambayoyi ta waya har ya haddace sunansa. Da ranar tafiya ta zo, rabin akwatin Bashari yaji ne da daddawa da busasshiyar kuka.

Kwanakin farko lafiya lau. Manya suna faɗuwa, yara suna dariya, an ci gurasar mutanen wurin mai narkakken cuku a tsakiya. Shi kuwa Bashari, saboda ciwon gwiwa, yakan tsaya a ƙasan gangare da fulas ɗin shayin citta, duk wanda ya sauko ya miƙa masa kofi.

Sai ƙanƙara ta sauko da ƙarfi ta rufe hanya. Motar mahauci ta kasa hawowa, ga shi a ranar aka shirya babbar walima. Abincin masaukin ya fara ja baya, naman da ya rage kuma ba a san yankansa ba. Yara suka fara ƙorafi da Larabcinsu na 'yan Riyad, wasu iyaye suka fara cewa da sun sani da ba su zo ba. Maganar ta taɓa Bashari, don shi ya kawo su, kuma shi ya yi musu alkawari.

Ya tambayi mai gadin masaukin inda za a sami dabbar yanka, aka ce akwai makiyayi a wani ƙauye da ke bayan tudu. Injiniya Mu'azzam, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya tare shi a bakin ƙofa.

"Malam Bashari, da wannan gwiwar? Mu ci burodi mana, ba wanda zai mutu."

"Injiniya, amana na ɗauko," in ji shi. "Ku dai ku hura mini gawayi."

Mu'azzam ya ba da labarin cewa sun tsaya a taga suna kallon su shi da mai gadin, ƙanƙara har gwiwa, har suka ɓace. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, hankalin kowa ya tashi. Dokta Jamilat ta kasa zama. Gab da la'asar sai ga su sun ɓullo, suna jan wani faffaɗan katako a kan ƙanƙara da rago ɗaure a kai, gemun Bashari ya yi fari fat.

Bai yarda ya huta ba. Ya fuskanci alƙibla ya yanka, ya feɗe, ya baza nama a kan wuta a tsakar farfajiya. Ƙamshin yaji ya fito da Turawan da ke masaukin daga ɗakunansu, ya yanka musu su ma. Mata suka karɓi kicin suka kaɗa miyar kuka, mai dafa abincin yana tsaye yana lasar cokali. Sai da kowa ya ƙoshi sannan Bashari ya bari likita ta duba yatsunsa da sanyi ya ƙandare.

Kai ne, Malam Bashari, wanda bai taɓa hawa allon zamiya ba amma ya kai ɗaruruwa suka hau, don tun daga wannan shekarar ba a fasa tafiyar ba. Kai ne mai ci a ƙarshe, mai tsayawa a bayan hoto. Uban tafiya, mai cika alkawari.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma Gusau wurin iyalinsa. Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Mu da muka rage a nan, kowa da amanar da ke hannunsa, ko a asibiti, ko a wurin gini, ko a bayan sitiyari. Mu riƙe ta kamar yadda ya riƙe tasa.