Zaren da Ya Harɗe a Mahaifata

Bayan ɓarin da na yi, sau biyu aka yi mini wankin ciki, amma jini ko a jikinsa. Sai ya yi lamo mako guda, ina kan keken ɗinki a shagona na Anguwan Rogo, kawai in ji ya ɓalle kamar an buɗe famfo. Goggo, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni, ta yanke hukunci: saura ne bai fita ba, a sake wankewa. Mu haka muka sani, jini bayan ɓari maganinsa wanki. Wata maƙwabciya kuma ta ce da haka aka cire wa yayarta mahaifa. Ni ko ɗa ɗaya ba ni da shi, don haka maganar ta hana ni cin abinci.

Na je asibiti tare da Goggo, da zannuwana a leda, a shirye. Likitar, wata 'yar siririya, ta ce ba za ta taɓa ni ba sai ta yi hoton ciki mai launi. Na hau ta da faɗa, na ce wanki na zo, ba kallo ba. Ta bari na gama, ta shafa mini mai a mara, ta juyo da allon na'urar wajena.

Ja da shuɗi ne cakuɗe wuri guda, suna ta walƙiya. Ni tela ce, na san zaren da ya harɗe in na gan shi. Ta ce jijiyar da ke kai jini da mai dawo da shi ne suka haɗe a bangon mahaifa, mai yiwuwa ma wankin baya ne ya jawo.

"Madam, in na sa ƙarfe a wurin nan, jinin ba zai tsaya ba sai an cire mahaifa."

Sai likitar ta ce ana iya toshe wurin ba tare da yanka ba. Na kama hannunta ina dariya ina kuka, ni da na gama yi mata tsiwa.

Ta tura mu wani babban asibiti a Abuja. Ta jijiyar cinya suka zura wani siririn bututu, ina farke, idona a kan allo. Na dame su da tambaya har aka ce in rage motsi. A gabana suka toshe wurin, harɗin ya dusashe. Na sha ciwon mara kwana biyu, ban damu ba.

Da al'ada ta dawo, ta yi kwana biyar ta ɗauke da kanta, murna ta hana ni zama. Na tari keke napep zuwa kasuwar Terminus, na yanko yadi mai laushi na jarirai. Goggo ta ce ba a yi wa ɗan da ba a gani ba ɗinki, amma ita ta riƙo ledar har gida.

Rigar da na ɗinka ta yi shekara biyu a akwati. Da 'yata ta zo, ta yi mata yawa, sai da ta kai wata uku ta cika ta.