Ruwan da ke Cikin Ƙumbar Mama Poko

Ruwan da ke cikin ƙatuwar ƙumbar tekun yana motsi, alhali babu iska. Mu biyar muka shiga lambun Mama Poko ranar tutaka, wato duba-garin da muke yi gida-gida a nan tsibirin Rarotonga, amma ni kaɗai na lura. Sauran sun wuce gaba suna yaba furanni. Na durƙusa kamar zan gyara igiyar takalmina, na leƙa. 'Ya'yan sauro ne, ƙanana, suna lanƙwashewa suna miƙewa, sun fi gaban ƙirga.

Watana uku ke nan da dawowa daga jami'a, kuma wannan ne zagayena na farko. Zazzaɓin dengi ya kwantar da yara biyu a layinmu a wannan daminar, shi ya sa Anti Matangaro, nas ɗin da ke jagorantarmu, ta faɗa mana tun da safe cewa bana babu sani babu sabo. Duk abin da ya tara ruwa, ko a kife shi ko a fitar da shi daga gidan. Ga shi wannan ƙumbar a wajen kan kabarin Papa Tere take, mijin Mama Poko, kuma kowa a ƙauyen ya san ba a taɓa ta.

Sunanta na gaskiya Upokoina, amma ko a coci ba a kiranta da shi. Daga tsibirin Aitutaki suka zo ita da mijin tun suna sabon aure, da akwati ɗaya da wannan ƙumbar teku mai girman bahon wanki, wadda sai da maza uku suka kama kafin ta sauka daga jirgin ruwa. Ta yi shekara ashirin da shida tana wanki da guga a wani otal, shi kuma yana su. Sun haifi bakwai. Shida suna Auckland da Brisbane, ɗayan ya rasu yana jariri. Papa Tere ya ajiye ƙumbar a bakin ƙofa ya cika ta da ruwa, a ciki yake wanke yashin ƙafarsa in ya dawo daga teku, don Mama ba ta yarda a taka mata tabarma da yashi. Da ya rasu aka binne shi a gaban gida, ta sa aka matsar da ƙumbar kusa da shi, ta ci gaba da cika ta.

Daga wannan kabari lambun ya fara, ya yi ta faɗaɗa har ya kai bakin titi. Ba ta sayen kayan ado. Bayan kowace guguwa takan bi gaɓar teku ta tsinto manyan robobin da masunta ke ɗaura wa komarsu, ta raba su biyu, ta huda ƙasan, ta shuka furanni a ciki. Tsofaffin tayoyin babur ta yanka su ta juya, suka koma kamar bakin tulu. Akwai tsohuwar tukunyar dafa gwaza, da butar shayi marar hannu, da takalmin ruwan Papa Tere ƙafa ɗaya, kowanne da abin da ke tsiro a cikinsa. 'Yarta ta aiko mata da ƙananan fitilun sola guda goma sha biyu, ta jera su a gefen hanya, amma ta ƙi barinsu a tsaye tsirara. Kowacce sai da ta yi mata gindi da ɓawon kwakwa. Shekara tara a jere matan ƙauye suna ba gidanta na ɗaya a gasar tsabtar gidaje da ake yi bayan tutaka.

Ni kuwa a cikin wannan lambu na yi rabin ƙuruciyata. Lokacin da mahaifiyata ta tafi aiki New Zealand, in an tashi daga makaranta can nake zuwa. Takan miƙa mini buroshi da gwangwanin farin fenti, in zauna ina shafa wa duwatsun bakin hanya har rana ta yi sanyi. A duk ƙauyen, ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata me ya sa ba na magana ba.

To yau ga ni da takarda a hannu, da layin da aka rubuta "ruwa a kwance", da wurin da zan sa alama. Na san in na yi shiru babu wanda zai koma wajen kabarin. Na kuma san gidan da ke bayan shingenta akwai jariri ɗan wata biyu. Na miƙe na bi sauran, ban rubuta komai ba.

Mama tana zaune a baranda da gwiwarta a naɗe da tsumma. Ta sa an fasa mana ɗanyar kwakwa tun kafin mu iso. Anti Matangaro ta sha, ta goge baki, ta ce ita dai ta gaji da zuwa gidan nan, don ba ta taɓa samun ko ledar alewa a ƙasa da za ta yi faɗa a kai ba. Mama ta ce ai in faɗa take nema ta fara da bayan gidan ƙaninta, can ma tsohon firiji ya kusa yin jikoki. Aka yi dariya. Anti ta juyo ta ce in sa hannu mu wuce, akwai gida talatin a gaba.

"Dakata, Matangaro," in ji Mama. Ta dube ni. "Ngamata, me kika gani a wajen tsohon?"

Na ce ba komai, igiyar takalmina ce ta kwance.

"Takalmin nan ba shi da igiya, 'yar nan. Ni na ga kin daɗe a durƙushe. Karatun da kika je kika yi, na kallon ƙasa ne?"

Da ƙyar na ce akwai 'ya'yan sauro a cikin ƙumbar, da yawa.

Ba ta musa ba. Sai ta yi bayani, ba ni take kallo ba, gwiwarta take kallo. Ta ce shekara goma sha ɗaya kowace Asabar takan kwashe ruwan da kofi, ta goge cikin da soson kwakwa, ta zuba sabo. Tun da gwiwar ta kumbura mako uku da suka wuce ba ta iya durƙusawa, sai dai ta tsaya daga tsaye ta ƙara ruwa a kan na da. A ganinta tunda ruwan yana cike kuma garau, ai shi ke nan.

Anti Matangaro ta sauke murya. Ta ce doka dai ɗaya ce, Mama ta sani, amma za ta iya ba ta kwana biyu ta yi tunani ko a kife ko a ɗauke. Mama ta ce ba za a kife wa mijinta kwano a ka ba, kuma ƙumbar da ta haye teku tare da su ba za ta koma bayan gida wajen aladu ba. Ɗaya daga cikin matan ta ce a huda ƙasanta kamar sauran. Mama ta yi mata wani kallo, matar ta koma shan kwakwarta.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce dokar ba ta hana ƙumba ba, ruwa ta hana. In an cika ta da yashi har baki, babu inda ruwa zai kwanta.

"Yashi," in ji Mama. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Shekara arba'in ina yaƙi da mutumin nan a kan yashi." Ta daɗe tana kallon kabarin. "To, ai yanzu babu tabarmar da zai taka mini. A kawo masa. Amma na bakin ruwa, inda yake ɗaure kwalekwalensa, ba na gini ba."

Mu huɗu muka karkata ƙumbar, ruwan ya malale a busasshiyar ƙasa. Na goge cikin da kaina. Anti ta ce in sa alamar a takarda yadda na gani, na kuwa sa, Mama tana leƙowa don ta tabbata ban yi mata alfarma ba. Bana gidanta ba zai zo na ɗaya ba, mun san haka dukanmu. Ta ce gara, a bar matar fasto ta ɗana, ta daina harararta a coci.

Da muka gama zagaye na ɗauki babur ɗina na yi sawu uku da bokiti. Tana tsaye da sanda tana nuna mini inda bai cika ba. Da yashin ya kai baki ta sa na tumɓuko fitila ɗaya daga layin hanya, ta kafa ta a tsakiya da hannunta, ta ja da baya ta duba, ta ce ta karkace, ta gyara. Na so in yi mata godiya, na rasa ta inda zan fara, ita ma ba ta ba ni dama ba. Ta ce in wanke bokitin in kife shi, kada gobe ya tara ruwa in sake rubuta ta.

Sai ta koma baranda a hankali, ta jawo kujerar kankare kwakwa, ta zauna ta fara kankare wa kajinta abincin yamma.