Tsohon da Ya Ɗaga Hannun Hagu

Sadisu yana kwaɓa siminti labari ya iske shi: kwamitin kasuwa zai aza haraji kan kowane faifan wasan bidiyo, mai shagon gem na unguwar Mahdiya kuma ya ce rufewa zai yi. A shagon nan suke buga ƙwallon gem da amininsa Rabi'u kowace Juma'a, kafin zazzaɓi ya ɗauke shi bara. Ƙungiyar da marigayin ya haɗa tana nan cikin na'urar.

Sadisu ya je taron da kwamitin ya kira, sai ga wani tsoho da bai taɓa gani ba, siriri, da farar jallabiya da hular da ta sha wanki. Tafin hannunsa duk kanta, da alama ya yi shekaru yana hawan dabino a garin Zighan. Ɓarin bakinsa na hagu ya ɗan karkace. Ya miƙe a hankali, ya ɗaga hannun hagu, yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Bara hannun nan ko cokali ba ya riƙewa," in ji shi cikin Hausar yankin Fezzan. "Likita ya ce in dinga danna gem. Maganin ma sai kun ci haraji?"

Wuri ya kaure da tafi. Shugaban kwamiti da kansa yana dariya ya janye maganar.

A bakin ƙofa Sadisu ya tare tsohon, idonsa da ƙwalla.

"Baba, na rasa abokin wasa."

"To, Juma'a bayan la'asar, ɗana. Amma fa ba na raga wa kowa."