Fortunato Canchanya, Mai Gadin Allura

Haihuwa da karatu

An haifi Fortunato Canchanya Ricse a shekara ta 1931 a ƙauyen Ocopampa da ke kan tsaunukan Peru. Mahaifinsa, Melitón Canchanya, manomin dankali ne, mahaifiyarsa Eduviges Ricse kuwa masaƙiyar barguna. Ya yi aji uku a makarantar coci, ya fito da karatu da rubutu, da kuma wata ɗabi'a da ba malami ne ya koya masa ba: ba ya karɓar magana sai ya leƙa bayanta.

Aiki

A shekara ta 1953 aka ɗauke shi gadin wata ƙaramar tashar awon maganaɗisun ƙasa a kan tudun ƙauyen, ɗakin katako wanda a cikinsa aka rataye allura mai nuna arewa. Injiniyan da ya ɗauke shi ya gargaɗe shi cewa ƙarfe ne babban maƙiyin allurar, wuƙar aljihu ma ta isa ta karkatar da ita, sannan ya koma birni. Rabin bayani ke nan, amma Fortunato ya riƙe shi tamkar wahayi.

Aure da iyali

A 1956 ya auri Hermelinda Orihuela. Da aka haifi 'yarsu ta fari, Basilia, a 1958, amininsa Saturnino Taipe, mai gona a arewa maso yammacin tashar, shi ya riƙe ta a wurin baftisma. Daga ranar suka zama kompadre, wato 'yan'uwan da baftisma ta haɗa, kuma bisa al'ada ba wanda zai ƙara kiran ɗan'uwansa da suna, balle ya gaya masa baƙar magana. Saturnino da matarsa ba su sami haihuwa ba, saboda haka Basilia ta tashi da gida biyu.

Shekarun zargi

Wajen 1968 Fortunato ya tabbata cewa bakin allurar yana gusawa yamma kaɗan-kaɗan kowace shekara. Ya fara tuhumar tsinken gashin matarsa, ya koma kan maɓallan rigarsa, ya hana makiyaya wucewa da tumaki masu ƙararrawa, duk da haka ba ta daina ba. Daga nan ya bi inda take karkata da ido, sai ya ga gonar Saturnino. Wata Lahadi mutane suna coci ya tona gefen gonar, ya sami tsohon takalmin doki na ƙarfe guda ɗaya, wanda ya ishe shi hujja, domin mai neman hujja irinsa ba shi da tsada.

A bikin haƙar dankali na 1971, ana ciro gasasshen nama daga rami, Saturnino ya miƙa masa ƙoƙon giyar masara yana dariya.

“Kompadre, karɓi naka, kafin allurar nan taka ta nuno shi.”

“Saturnino,” in ji Fortunato, “me ka binne a gonar nan?”

Waɗanda suka halarta sun ce ba zargin ne ya kashe musu baki ba, sunan ne. Saturnino ya ajiye ƙoƙon a ƙasa.

“Dankali, kompadre. Shi ma kai ka ci rabinsa.”

A ranar Fortunato ya haramta wa Basilia taka gidan, yarinyar kuwa ta yi kuka ƙwarai, don tana son mutumin kamar mahaifi.

A 1979 wata masaniya ta zo duba tashar daga Lima, ta yi masa cikakken bayani: narkakken ƙarfe ne ke motsi a can cikin ƙasa, allura tana gusawa yamma a duk yankin, ƙarfin maganaɗisun ma raguwa yake yi a nahiyar, har masana suna fargabar abin da hakan zai yi wa taurarin ɗan Adam. Fortunato ya saurara da ladabi, sannan ya tambaye ta wa ya nuna mata hanyar tudun. Ta ce wani dattijo ne a gonar ƙasa, mai fara'a. Ya gyaɗa kai, don ya gane Saturnino ne. A wurinsa magana ta ƙare.

Basilia, wadda ta ji bayanin da kunnenta, ta roƙe shi ya sauka ya ce “kompadre” sau ɗaya kawai, ta ɗauki alkawarin sauran gyaran nata ne. Ya amsa da cewa ita ma an saye ta. A 1980 ta kwashe kayanta ta koma gidan Saturnino.

Ritaya da rasuwa

Ya bar aiki a 1991. A ƙarshen rayuwarsa ya amince cewa ƙasa tana motsi da kanta, amma ya ce ba wanda ya tabbatar masa cewa ba a taya ta ba. Yakan zauna a ƙofar gida yana kallon hayaƙin gidan gona, inda 'yarsa ke girki, kewarta tana cinsa, bai kuwa taɓa aika mata ba.

Ya rasu a watan Yuni na 2009 yana da shekara saba'in da takwas, aka binne shi a makabartar Ocopampa kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Hermelinda da 'ya'ya huɗu: Melitón, direba a Jauja, Eusebia, malamar makaranta, Nicanor, wanda ya gaji gonar, da Basilia, wadda labarin ya riska tana ba Saturnino abinci a baki, ba ta kuma tashi ba sai da ya cinye.